Tambaya da Amsa: Rigimar kujera a bakin titi bayan dusar ƙanƙara

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon yawancin wasiƙun da suka shigo daga 'yan'uwanmu na ƙasashen sanyi ne, kuma kusan duk bakinsu ɗaya, wato mota da inda za a ajiye ta in dusar ƙanƙara ta rufe gari. Na yi shekaru a Shikago, na riƙe shebur har hannuna ya yi kanta, don haka maganar ta taɓa ni sosai. Ga waɗanda na zaɓa.

TAMBAYA: Salam Malam. Wata na huɗu kenan da zuwa Shikago wajen yayana, ina aikin dare a wani sito. Satin da ya wuce anyi dusar ƙanƙara mai yawa, na dawo wajen ƙarfe ɗaya na dare na zaga layinmu har sau uku babu wurin fakin, can sai naga wani fili an share shi tas amma an aje wata tsohuwar kujerar roba da kwandon wanki a ciki. Ni wallahi na ɗauka shara ce aka fitar, na ɗauke na aje gefe na saka motata. Da safe na fito na tarar an tula min ƙanƙara har saman gilashi, an kuma maƙala takarda a jikin waifa cike da zagi. Wai laifin me nayi, ba titin gwamnati bane? Na gane gidan mutumin, ina tunanin ko in kira 'yan sanda ko in rama.
Wani ɗan'uwa daga Shikago

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Abu na farko, don girman Allah kar ka rama. Ajiye wannan tunanin tukuna mu yi magana.

Kujerar nan da ka gani ba shara ba ce, mai gadi ce. Mutanen Shikago suna da wata al'ada da suke kira dibs, ma'anarta dai “na riga ka”. In dusa ta sauka mutum ya fito da shebur ya haƙe motarsa, to in zai fita aiki sai ya ajiye wani abu a gurbin don ya dawo ya same shi, kujera ko bokiti ko teburin guga ko tsohon keken yara ko akwatin lemo, ni har tsohuwar fanka na taɓa gani tsaye a titi tana jiran mai ita. Kamar dai yadda ake jera jarkoki a bakin famfo, kowa ya san jarka ba mutum ba ce amma ba wanda zai tsallake ta.

Kuma sai ka haƙi mota sau ɗaya kafin ka gane me ya sa ransu ke ɓaci haka. Dusar da ta faɗo daga sama ai ita ce mai sauƙi. Matsalar tana wajen motar gwamnati mai ture ƙanƙara, tana wucewa ta tsakiyar titi tana watso komai gefe, sai ta gina wa motocin da ke fake katanga wadda wani lokacin takan kai gwiwa ko ƙugu, ga ta haɗe da gishiri da datti, in ta kwana sai ta daskare kamar kankare. Awa ɗaya, awa biyu kana sara kana ɗagawa kana neman inda za ka zuba, don ba a yarda ka watsa ta tsakiyar titi ba kuma ba za ka zuba a gaban motar maƙwabci ba, yatsunka sun mutu hancinka na zuba. To ka gama wannan ka tafi aiki ka dawo ka tarar wani ya shige wurin a ɓagas, ai dole ya ji kamar kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Abin da maƙwabcinka ya ji kenan.

Yanzu maganar doka. Kana da gaskiya, titi na kowa ne, kuma dokar birnin ta hana tare hanyar jama'a da kaya. Ba wata takarda da ta ba mai kujera wannan fili. Amma hukuma ta daɗe tana kau da kai, har magajin gari Richard M. Daley a 2001 ya fito fili ya ja kunnen mutane cewa in wani ya sha wahalar haƙe wuri kar a shiga masa. Abin da aka saba shi ne a bar mutane na ɗan lokaci, sannan ma'aikatar tituna da tsafta ta sanar cewa daga rana kaza masu kwashe shara za su riƙa ɗebe duk abin da suka gani a titi. Kai ma kana iya kiran 311, lambar wayar hukumar birni, ka kai ƙorafi in kujera ta daɗe.

Kar ka ga kamar wasa ne, garin nan dusar ƙanƙara ta taɓa shi a inda ba ya mantawa. Ranakun 26 da 27 ga Janairun 1967 inci 23 ta zuba, kusan santimita 58, har yau ba a yi wadda ta kai ta ba a Shikago, dubban motoci da bas-bas aka watsar a kan hanya mutane suka taka da ƙafa. Yawanci daga nan ake danganta yaɗuwar al'adar kujera. Sai ta Janairun 1979, wajen inci 20, wadda ta ci kujerar magajin gari sukutum. Michael Bilandic ne a kai lokacin, aka yi kwanaki ba a share ƙananan layuka ba, aka ce wa mutane su kai motocinsu wasu filaye da aka ce an share suka je suka tarar ba a share ba, jiragen ƙasa na cikin gari kuma suka riƙa tsallake tashoshi a unguwannin baƙaƙen fata. Watan Fabrairu na zuwa aka yi zaɓen fid da gwani Jane Byrne ta kayar da shi, ta zama mace ta farko da ta riƙe birnin. Tun daga nan duk magajin garin Shikago ya san ba a wasa da mutane a kan ƙanƙara da wurin fakin. Ko a farkon Fabrairun 2011 da aka yi inci 21 da ɗoriya, ɗaruruwan motoci suka maƙale a babban titin bakin tafki, Lake Shore Drive, mutane suka kwana a ciki.

To me za ka yi? Shi mutumin bai kyauta ba, binne motar mutum da zagi ba hali ba ne, kuma da ya fasa maka gilashi ko ya sace iskar taya ko ya karce fenti, wannan laifi ne na sosai, sai ka ɗauki hoto ka kai rahoto ko don inshora. Amma tunda abin ya tsaya a ƙanƙara da takarda, ni shawarata ka je da rana, kai da yayanka, ku ƙwanƙwasa ƙofa ku gaisa, ka ce masa kai baƙo ne ba ka san al'adar ba. Ba wai ka ba shi gaskiya ba ne. Motarka a wannan layin za ta ci gaba da kwana, kai kana barci ita tana waje, kuma an sha jin faɗan wurin fakin ya kai ga duka har da makami a biranen Amurka. Kai da ka zo neman na kanka, takardunka ma ƙila ba su gama zama daram ba, me ya haɗa ka da ofishin 'yan sanda a kan kujerar roba? Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka. Ka sayi shebur naka ka ajiye a but, in ka dawo cikin dare ba wuri gara ka haƙi sabo ko ka yi fakin nesa ka tako.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ina Boston da yara uku, maigidana direban babbar mota ne yakan yi sati biyu baya gida. Duk sanda akayi ƙanƙara ni nake fita in haƙe mota don in kai yara makaranta, rannan kusan awa biyu nayi bayana har yanzu ciwo yake, ina dawowa na tarar wani ya shiga wurin. Nayi kuka wallahi. Maƙwabciyata tace in riƙa saka kujera kamar kowa, amma zuciyata bata kwanta ba, gani nake kamar na ƙwace abin da ba nawa ba. Ya halatta in saka?
Wata uwa daga Boston

AMSA: Sannu Hajiya, Allah ya ba da lada, ya raya zuri'a. Wasiƙarki ce ta fi tsaya min a rai a duk na wannan karon, don mutane da yawa ba sa ma tsayawa su yi wannan tambayar.

Ke kam kin yi sa'ar gari, domin Boston na cikin 'yan biranen da suka rubuta abin a fili. Ƙa'idarsu ita ce in birni ya ayyana dokar ta-ɓaci ta ƙanƙara, kina da damar ajiye abu a wurin da kika haƙe har awa 48 bayan an ɗage dokar. Bayan nan masu shara suna da ikon ɗauke shi. In ba a ayyana dokar ba, ko da dusa ta sauka, ba a yarda ba. Wannan iyakar awa 48 ɗin tun zamanin magajin gari Thomas Menino ce, kuma lokacin da ya kawo ta sai da mutanen unguwar South Boston suka yi ta tada jijiyar wuya don su can al'adar ta yi musu jijiya. Sai dai ki duba unguwarki, don a South End an hana saka kujera kwata-kwata tun 2015, haka ma Bay Village.

Shekarar 2015 ɗin nan kuwa duk wanda ya zauna Boston ba zai manta da ita ba. A wannan hunturun inci 110 da ɗoriya ta zuba, sama da santimita 280, ya fi tsayin ɗaki, yawancinta cikin 'yan makonni daga ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu. Aka rasa inda za a zuba, aka riƙa kwasa da tifa ana tarawa a filaye, tulin ƙarshe bai gama narkewa ba sai 14 ga Yuli. A irin wannan shekarar awa 48 ba ta da wata ma'ana don kafin wata ta ƙare wata ta sauko, kujeru suka yi makonni a titi, rigima ta yi yawa.

Batun halacci kuma, ni ba malamin fatawa ba ne, ki tambayi limaminku, amma ga yadda nake kallon abin. Mu mun taso da cewa wanda ya sari daji shi ke da gona, gumi yana da haƙƙi. Amma titi ba daji ba ne, hanya ce ta jama'a, kuma kin san yadda malamai ke kyamar mutum ya aika a shimfiɗa masa darduma a sahun gaba ranar Juma'a shi yana gida, ya hana wanda ya yi sammako. Abin da ya raba naki da wancan shi ne hukumar da ke da titin ita da kanta ta ba ki aron wurin na kwana biyu saboda wahalar da kika sha. To ki karɓi aron, ki saka kujerarki ba tare da jin nauyi ba, kwana biyu na cika ki ɗauke abarki da hannunki kar ki jira mai shara. Inda zalunci yake shi ne wanda bai ɗaga shebur ba ya fito ya dasa kujera a wurin da wani ya share, ko wanda ƙanƙara ta narke tun tuni har kwalta ta bushe shi kuma kujerarsa na nan kamar ya gaji wurin. Waɗannan suna ɓata min rai ƙwarai. Domin ki tuna akwai ma'aikaciyar jinya da ke zuwa duba tsoho a gida, akwai mai gyaran hita da aka kira cikin dare, akwai wanda ya zo gaida mara lafiya, duk in layi ya cika da kujeru ba su da inda za su tsaya, ga fili fayau amma ba dama daga safe har yamma.

Ni abin da na gani da idona ya yi aiki, a wani layi da na zauna, shi ne aikin gayya. Dusa na tsayawa muka fito mu wajen goma, wani da shebur wani da ɗan injin feso ƙanƙara, muka fara daga wannan kusurwa muka share har waccan, motar tsofaffi da ta matan da mazansu ba sa nan duk muka haƙe. Ba mu kai awa uku ba. Wannan makon ba wanda ya fitar da kujera don ba abin da za a yi gadi, ko'ina a share yake. Kin ce kina da maƙwabciya mai ba ki shawara, to ku fara da ku biyu, ku yi magana da samarin layin, ki kuma faɗa a masallaci ko a ƙungiyarku ta 'yan gida cewa maigida ba ya nan. Ba roƙo ba ne Hajiya, haƙƙin maƙwabtaka ne, kuma kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce ga wanda ya yi. Bayan nan naki ki kula da shi, ki riƙa tura ƙanƙarar gaba maimakon ɗagawa, in dole sai kin ɗaga ki durƙusa da gwiwa ki ɗebi kaɗan kaɗan, kuma gara ki fita sau biyu tun tana sauka da ki bari ta taru ta daskare.

TAMBAYA: Mu da muke nan gida abin yana bamu mamaki. Ƙasa mai arziki kamar Amurka ace mutane na faɗa akan wurin aje mota? Me ya hana kowa ya shigar da motarsa gida, kuma ita ƙanƙarar ba rana na fitowa zata narke ba?
Mai karatu daga Damagaram

AMSA: Malam tambayarka a kan hanya take. Gidajen tsofaffin unguwannin nan an gina su tun kafin mota ta zama ta kowa. A Boston akwai gidajen katako masu hawa uku da aka yi ta ginawa daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, kowane hawa iyali guda, a Shikago ma akwai irinsu na bulo masu hawa biyu ko uku. Ba zaure, ba tsakar gida da mota za ta shiga, ƙofa na buɗewa sai matakala sai titi. Shikago tana da lunguna ta bayan gida masu gareji, amma gida mai iyali uku da mota huɗu ko biyar gareji mai cin mota biyu me zai yi musu? Sauran dole su kwana a bakin titi, hayar gareji kuma kuɗi ne mai yawa duk wata. Ko ba ƙanƙara wurin da ƙyar yake isa, to ka ƙara da tulin da ke cinye wurin mota ɗaya a cikin kowace uku ko huɗu.

Narkewa kuwa, rana tana fitowa tarwai amma ba zafi a cikinta. Matuƙar ma'aunin sanyi na ƙasa da sifili ƙanƙara na nan daram, a Janairu kuma ana iya yin sati ko fiye bai hau sama ba. In ta ɗan narke da rana ta sake daskarewa da dare ma ya fi muni, don sai ta koma santsi kamar gilashi. Gishirin da ake watsawa yana taimakawa amma shi ma in sanyi ya wuce wajen 10 ƙasa da sifili ƙarfinsa raguwa yake. Af, gishirin nan ne ke cin ƙarƙashin mota, don haka masu sayen motocin Amurka da ake shigowa da su ta Kwatano, ku riƙa leƙa ƙasan mota da tocila, in ta fito daga jihohin ƙanƙara tsatsa za ta nuna.

Akwai garin da ya ɗauki wata hanya daban, Montiriyal ta ƙasar Kanada, inda dusar da ke zuba a shekara takan kai kusan mita 2. Su ba turewa gefe kaɗai suke yi ba, kwashewa suke yi gaba ɗaya. Sai a kafa alamu masu ruwan lemo a layi cewa daga ƙarfe kaza ba fakin a wannan gefen, lokaci na yi motocin janwe su bi layin, wanda bai kawar da motarsa ba a ja motar a ajiye ta a wani layi na kusa a bar masa takardar tara. Sannan inji ya bi yana zuƙe ƙanƙarar yana fesa ta cikin tifofi a kai juji. Tituna da hanyoyin ƙafa na kusan kilomita 10,000 suke bi haka, ana ɗaukar kwanaki kuma ana kashe kuɗi sosai, mutane na ƙorafin neman inda aka kai musu mota, amma in an gama layi ya koma fili. Ni a ganina rigimar kujera ba daga mugun halin mutane ta fara ba, daga inda hukuma ta share tsakiyar titi ta bar wa talaka gefe ta fara.

TAMBAYA: Na je sallar asuba na aje mota a babban titi kusa da masallaci, babu ko ɗigon ƙanƙara a ƙasa, na fito babu mota. Ashe janwe ce ta ɗauka. Wannan ba zalunci bane?
Wani bawan Allah, Shikago

AMSA: Allah ya mayar da alheri ɗan'uwa. Da ciwo, amma dokar a rubuce take a jikin allon da ke bakin titin. Daga 1 ga Disamba zuwa 1 ga Afrilu, tsakanin ƙarfe 3 na dare da 7 na safe, an hana fakin a manyan titunan Shikago masu tsawon mil 107, ko da ƙanƙara ko babu. Darasin 1967 da 1979 ne ya haifar da ita, don motocin share hanya da na asibiti da bas su samu wucewa in dusa ta sauko cikin dare ba zato. Lokacin asuba a hunturu kuwa cif a cikin waɗannan awoyin yake faɗawa, shi ya sa take yawan kama masallata da masu aikin dare. Kuɗin janwe da tara da na kwanan mota a inda aka kai ta in ka haɗa sun haura dala 200, kuma kullum ta ƙara kwana ƙaruwa suke, don haka kar ka bari ta kwana biyu. Akwai kuma doka ta biyu a wasu manyan tituna na kusan mil 500, ita wannan sai dusa ta kai inci 2 take aiki, kowane lokaci ne na dare ko rana. Ka shiga ƙaramin layi ka yi fakin ko da za ka ɗan taka, ka bar tazarar ƙafa 15 daga famfon 'yan kwana-kwana ko da ƙanƙara ta binne shi. Ina roƙon kwamitocin masallatai su riƙa sanar da wannan tun ƙarshen Nuwamba, saboda sababbin zuwa.

TAMBAYA: Malam in zan haƙe mota nakan tada ita in kunna hita in saka yara a ciki su ji ɗumi kafin in gama, don babu mai riƙe min su a gida. Wata tace min haɗari ne. Gaskiya ne?
Wata 'yar'uwa daga Bronx, Niyok

AMSA: Gaskiya ne 'yar'uwa, kuma ki yi wa wadda ta faɗa miki godiya. Ina roƙonki kar ki sake. In ƙanƙara ta toshe bakin salansa hayaƙin ba ya samun hanyar fita, sai ya bi ta ƙarƙashi ya shiga cikin motar. A cikin hayaƙin akwai wata iska mai guba, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, yaro ba zai yi tari ba balle ya yi kuka, barci kawai zai ɗauke shi, ke kina waje kina ganin sun yi lamo kina cewa ɗumi ne ya yi musu daɗi. Cikin 'yan mintoci ake rasa rai. A babbar dusar Janairun 2016, wadda ta zuba inci 27 da rabi a tsakiyar Niyok, an yi haka a garin Passaic na jihar New Jersey nan kusa da ku, uwa da 'ya'yanta ƙanana biyu suna cikin mota ana ɗumama su uban yana waje yana haƙa, duka ukun suka rasu. A guguwar ƙanƙarar Buffalo ta Disamban 2022 da ta kashe mutum fiye da 40, wasu a cikin motocinsu aka same su.

Kafin ki murza makulli, ki fara zagawa baya ki haƙe bakin salansa da kewayensa sosai har ki ga iska na wucewa ta ƙarƙashin motar, ki kuma sake dubawa in motar ture ƙanƙara ta wuce don tana iya sake toshewa. Ko kin share, kar ki bar yara su kaɗai a mota tana aiki. Ki nemi maƙwabciya ku yi karɓa-karɓa, ta riƙe naki ki haƙa, ki riƙe nata ta haƙa. A Niyok in an yi babbar dusa akan dakatar da dokar da ke sa a kawar da mota daga gefen titi a ranakun da za a share shi, to ki kira 311 ki tabbatar, in an dakatar kuma ba fitar dole gare ki ba ki bar motar a inda take ki hau jirgin ƙasa.

Sannan ki gaya wa mazan gidanku, musamman wanda ya haura hamsin ko mai hawan jini ko ciwon suga, sanyi yana matse jijiyoyin jini ga kuma nauyin jiƙaƙƙiyar ƙanƙara, duk shekara ana samun masu faɗuwa da bugun zuciya da shebur a hannu. In mutum ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ko numfashi na yankewa, ko zafi na sauka hannun hagu, ya yar da shebur ɗin nan take a kira lambar gaggawa ta 911. In kuwa kin buɗe mota kin ga yaro ya yi laushi ko yana amai ko ya ce kansa na ciwo, ki fito da shi iska tukuna sannan ki kira, kuma ki faɗa musu motar a kunne take cikin ƙanƙara don su zo da shirinsu.